Shekarar da Gidanmu Ya Daina Hayaƙi

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma roƙonSa Ya tsare bakina daga ƙarin gishiri, domin labarin nan an riga an zuba masa wanda ya ishe shi.

'Ya'yana, na san abin da kuke ji a gari. Duk inda aka taru, biki ko suna, ba a rasa wata tsohuwa da za ta dubi ɗayanku ta ce, "Ai ku ne 'yan gidan da muka ciyar." Na san kukan sunkuyar da kai, kuna zaton ubanku ne ya taɓa kasa riƙe gida har aka yi masa karo-karon tuwo. To, tuwo dai an kawo, ban musa ba, har da miya. Amma ba yunwa ce ta kawo shi ba, lissafi ne. Ku gyara zama in faɗa muku yadda aka yi tun ina da sauran haƙoran faɗa.

Shekara goma sha huɗu na yi a wata masaƙa cikin Kano, ni ne mai kula da wutar tukunyar tururi. Tukunyar ta ƙarfe ce, ta fi zauren gidan nan girma, ana fesa mata baƙin mai ta wani baki, fanka na tura mata iska ta wani. Wanda ya koya mini aikin wani tsohon injiniya ne siriri, ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ranar da zai bar aiki. Shi ya dasa mini wata magana a ka, cewa hayaƙi ba komai ba ne illa makamashin da ya tsere wa wuta bai ƙone ba. Idan iska ta yi kaɗan, wuta ta shaƙe ta yi hayaƙi. Idan ta yi yawa, ta sanyaya wutar, nan ma hayaƙi. Akwai wani wuri a tsakani, kuma ba a samunsa da "ina jin" ko "mai yiwuwa", sai da lissafi. Ka taɓa wannan kaɗan ka auna, ka taɓa wancan kaɗan ka auna, alƙaluma su nuna maka ɓangaren da hayaƙi ke raguwa, ka yi taku ɗaya can, ka sake aunawa. Yakan ce kamar makaho ne a kan tudu yana neman kwari: ya dogara sanda gabas, ya dogara yamma, inda ya ji gangara nan zai sa ƙafa. Na riƙe karatun nan gam, har ya zamana ko gasa masara na ga ana yi a bakin titi sai na ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Sai shekarun wahala suka zo, lokacin da ake layin sabulu da madara, mai kuɗi ma yana nema yana rasawa. Wata safiya muka je aiki muka tarar da ƙofar masaƙa da ƙaton kwaɗo. Na kwaso mahaifiyarku Rabi, da ku biyun farko, da katifa, da wani ɗan kalkuleta mai cin hasken rana, muka dawo ƙauyenmu nan bayan Bagwai. Kun dai san garin, gona har gindin katanga, gida na jingine da gida, in ka yi atishawa a ɗakinka maƙwabci ne zai ce maka yarhamukallah. Damina kuwa ta ɗauke da wuri a shekarar, gero bai cika ido ba, kowane magidanci yana leƙa rumbunsa yana fito da kai a hankali.

Wadda ke riƙe da gidan a lokacin ita ce kakarku Inna, Allah Ya jiƙanta, kuma da daddawa take riƙe da shi. Ku da kuka tashi kuna jefa ɗan dunƙule a miya ba ku san abin da daddawa ke ci ba. Kalwa sai ta yini cur a kan wuta kafin ta yi laushi, a surfe, a wanke, a sake mayar da ita wuta. Itace ya yi tsada, don haka kara take turawa, da totuwar masara, da kashin shanu, a murhun duwatsu uku cikin ɗan madafin da ko taga babu. Hayaƙin gidanmu daga kan hanyar kasuwa ake hango shi. Shekara arba'in tana zaune cikinsa. Da na dawo na same ta da wani irin tari mai sa ta dafa bango, idanu jajir, ruwa na bin kumatu. Da ƙyar da jiɓin goshi na ɗora ta a bayan keke zuwa asibitin sha-ka-tafi. Malamin asibitin ya ɗora abin saurarensa a bayanta, sannan ya ja ni gefe.

"Malam Sabi'u, ko dai tsohuwar nan ta rabu da hayaƙi, ko ku rabu da ita. Ni ban ga damina biyu a ƙirjin nan ba."

Muka kamo hanyar gida. A hanya na tsayar da keke ƙarƙashin wata ɗorawa na faɗa mata, ina lallaɓawa. Ku sani ni ɗan fari ne, don haka tunda ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. "Kai wannan" nake, har na yi furfura.

"Kai wannan, koma ka gaya masa uwata a bakin murhu ta tsufa."

"Inna, ai tarin ne ya kashe ta."

"To da me kake so ta mutu? Da dariya?"

Na ce Rabi ta karɓi aikin. Inna ta ce hannun kowa ba ya shiga daddawarta, wai ko inuwar wata mace ta gifta sai ta yi tsami. Na ce a bar sana'ar. Ta tambaye ni ko kalkuletan nawa yana dafuwa. Tunda ba za a raba Inna da wuta ba, na ƙudura sai na raba wutar da hayaƙi.

Na kwaɓa laka na gina murhu a tsakar gida, mai kewaye tukunya har wuya. Abu uku na bar wa kaina in riƙa juyawa: ƙofar iska a ƙasa, mai murfin gwangwani da ake ja, tazarar gindin tukunya da wuta, wadda nake ɗagawa da tsingaro, sai yawan karan da ake turawa. Da zan gwada kowane haɗi ɗaya bayan ɗaya, sai in kai gwaji dubu, karan garin nan kaf ba zai ishe ni ba. Amfanin lissafin ke nan, ya rage maka hanya. Saura abin awo. A masaƙa akwai na'urar da ke shinshina hayaƙi ta ba ka lamba. A ƙauye kuwa ba ni da komai sai agogon hannu. Na kwana biyu ina tunani, har ranar da na shiga ɗakin mahaifiyarku na ɗaga kai, idona ya sauka kan jerenta.

Faranti goma sha biyu ne na tangaran, farare tas, ba a taɓa cin ko gyaɗa a cikinsu ba. Kullum Juma'a sai ta sauke ta goge ta mayar. Na ce a raina, wannan ai na'ura ce Allah Ya ajiye mini a bango. In na kifa faranti saman wuta minti biyar, baƙin da ya kama shi ne lambar, daga sifili zuwa goma. Na san abin da na yi sata ce, kuma na tuba, amma ku bar ni in ce ba a taɓa yin sata mai tsari irinta ba. Daga layin baya na fara ɗauka, ina baza na gaba don kada giɓi ya nuna. Duk wanda na gama da shi in rubuta masa lamba da tsinke a cikin baƙin, in ɓoye a rumbu, domin mai bincike ba ya wanke shaidarsa.

Murhun Inna na dā ya ci tara. Nawa ya fara da bakwai. Na zauna a inuwa ina danna kalkuleta, in fito da shi rana ya sha haske, in koma. Alƙaluma suka ce rage kara, na rage, baƙi ya ragu. Suka ce ƙara ragewa, na ƙara. Ina ta gangara kamar yadda aka koya mini, raina fari ƙal. A gwaji na tara faranti ya fito kamar yadda ya shiga. Sifili! Na ruga har takalmi ɗaya ya fita, na kira Inna ta zo ta ga ikon Allah. Ta zo tana tari, ta dubi farantin, ta dube ni. Ta buɗe tukunyar ta tsoma ɗan yatsa a ruwan, ta bar shi a ciki, ba ta ko yamutsa fuska ba. Sannan ta sunkuya ta leƙa ƙofar murhu.

"Kai wannan, shekara goma sha huɗu ka yi a birni kafin ka gano wutar da ta mutu ba ta hayaƙi?"

Har yau ina nan kan bakana, lissafi bai yi ƙarya ba. Na ce masa ya nemo mini inda hayaƙi ya fi ƙaranci, ya kuwa nemo. Ni ne ban gaya masa ana son kalwa ta dahu ba. Daga ranar na kafa masa sharaɗi: duk haɗin da ruwa bai tafasa cikin rabin awa ba, a jefar da shi ko da farantin ya fi auduga fari.

Ana cikin haka asirina ya tonu. Rabi ta hau rumbu ɗebo dawa, hannunta ya ci karo da abu mai santsi. Ina dawowa daga masallaci na tarar da duk waɗanda na ɓoye jere a tsakar gida, baƙaƙe ƙirin, kowane da lambarsa, ita kuma tana zaune kan turmi ta harɗe hannu. Da ta yi ihu da na fi samun sauƙi.

"Malam, uwata shekara uku ta yi tana kaɗi kafin ta haɗa mini farantan nan. Ko ranar sunan ɗanka na fari ban bari an ci a ciki ba."

Duk maganar da ke duniya, ta ban-haƙuri da ta lallashi, ku ji wadda ta fito daga bakin ubanku:

"Rabi, don Allah kada ki wanke na bakwai, ban kwafe shi ba."

Kwana biyu ba ta ce mini ci kanka ba. Tuwona ma a bakin ƙofa nake tarar da shi, kamar na baƙon da ba a so ya daɗe. A rana ta uku tari ya turnuƙe Inna a madafi, ta fito tana laluben bango ta zame ta zauna a ƙasa, numfashi na fita da ƙara. Rabi ce ta riƙe ta tana shafa mata baya har ya lafa. Can da yamma sai ga ta da farantan a ƙugu.

"Ungo. Amma kai za ka riƙa wanke su, da toka, a bakin rijiya, inda kowa zai gan ka."

Haka aka yi. Matan gari suna zuwa ɗiban ruwa suna tarar da magidanci mai gemu ya tsuguna yana dirzar faranti yana magana shi kaɗai, "huɗu da rabi, huɗu da rabi." Ban san abin da suke kai wa gida ba a lokacin. Daga baya na sani.

A kan huɗu na maƙale. In na buɗe ƙofar iska, baƙi ya ƙaru. In na rufe, ya ƙaru. In ɗaga tukunya, in sauke, duk ɗaya. Kalkuleta ya ce an iso, nan ne ƙarshe. Abin da ya faru shi ne makahon nan ya faɗa ɗan rami a tsakiyar tudu, ya dogara sanda ko'ina ya ji hawa, ya zaci ya kai kwari. Kwana tara ina zagaye murhu. Huɗu kuwa ba za ta ceci ƙirjin Inna ba, na sani. Ran na goma haƙurinta ya ƙare, tana neman wurin shanya daddawa, ginina ya tare rabin tsakar gida.

"Yaushe za ka kwashe mini kabarin nan?"

"Inna, saura ƙiris."

"Ƙiris ɗin nan tun kaka nake jin sa!"

Ta ɗaga muciyar da ke hannunta ta kwaɗa wa murhun a wuya. Wani ɓangare kamar tafin hannu ya ɓalle ya faɗi. Na dafe kai zan yi salati, sai na ji wutar ta yi wata irin ƙara, fuuu. Iska ta shiga ta saman, ta tari hayaƙin da ke shirin tserewa, ya kama da wuta a nan take. Na fizgo faranti na kifa. Biyu! Wallahi sai da na yi rawa a gaban uwata, abin da ban taɓa yi ba ko ina yaro. Na sake gini, na huda ramuka a wuyan, na koma kan lissafi in gano nawa za a yi da kuma faɗinsu. Gwaji goma sha ɗaya suka kai ni ɗaya, ruwa na tafasa kafin rabin awa, kara kuma rabin na dā. Inna ta leƙo littafina duk da ba ta karanta boko.

"Ka rubuta a ciki cewa muciya ce."

Na rubuta. Yana nan a shafi na goma sha tara, wanda ke shakka ya je ya duba.

Ba don ƙirjinta ta yarda ta koma sabon murhu ba, don karan da ya rage ne. Ni dai ko oho, tunda ta koma. Rabi ma ta mayar da tuwo da koko kansa, aka bar tsohon madafi ga kaji. Kwana uku Inna ta dafa kalwa ido a bushe. Na ji ta tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, da ta ga ina kallo ta tsuke baki. Ni kuwa ina tafiya a gari kamar wanda aka naɗa.

Ga abin da ban sa a lissafi ba. A shekarun nan ba wanda zai buɗe baki ya ce yau ba mu ɗora tukunya ba, ya gwammace ya mutu. Hayaƙi ne ke faɗa. Da la'asar kowace mace takan fito tsakar gidanta ta ɗaga kai ta dubi saman katangun maƙwabta. Gidan da ya yi shiru yini guda, a ce wataƙila ɗumame suka ci. Kwana biyu, a fara ƙus-ƙus. Kwana uku kuwa, magana ta ƙare. To ga gidan da ya shekara arba'in yana turnuƙe unguwa ya ɗauke ɗif. Ga ɗan gidan an kore shi daga aiki, ana ganinsa yana tsintar kara yana wanke farantan da ba a ci komai a ciki ba, yana surutai. In ku ne me za ku ce?

Ran na uku bayan sallar La'asar, liman Malam Hadi ya riƙe hannun rigata har mutane suka watse.

"Malam Sabi'u, yaya gida? Yaya tsohuwa?"

"Lafiya ƙalau, Allah gafarta Malam. Kwana uku ke nan ko ɗigon hayaƙi bai tashi a gidanmu ba!"

Da fara'a na faɗa, har da bugun ƙirji. Ya dube ni ya daɗe, na ga idonsa ya kawo ruwa.

"Mun gani. Allah Ya ba da ladan haƙuri. Irinku kaɗan ne."

Na ce amin, na taho ina jin daɗi, ashe malamai ma sun san darajar bincike.

Mun ci tuwonmu da wuri ranar, miyar kuka ta sha daddawa, har na sassauta mazagi. Rana na shirin faɗuwa aka yi sallama, kwano daga gidan liman. Kafin Rabi ta ajiye, wata sallamar, dambu daga gidan mai unguwa. Sai fate, sai kwaɗon rama, sai tuwon dawa, kowa na cewa "wai a taɓa, ba yawa," yana juyawa da sauri don kada mu ji kunya. Kwano goma sha ɗaya suka jeru inda farantan nan suka taɓa jeruwa. Muna tsaye cirko-cirko, ciki ya cika, ba wanda ya gane. Na ƙarshe da ƙafarta ta zo. Gwaggo Lami ce, ƙawar Inna tun suna amare, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, da sussukar mutane take ci. Ta ajiye ɗan akushi a gaban Inna, ta kira ta da sunanta.

"Haba Dije! Shekara arba'in muna tare, ki kwana uku ba wuta a gidanki, ki kasa buɗe baki ki gaya mini?"

Inna ta matso kusa da ita. Ta kama hannunta ta kai ta gaban murhu, ta buɗe mata tukunyar tuwo da sauran rabi a ciki, ta ɗora tafin hannunta a jikin lakar da ke da zafi har lokacin. Gwaggo Lami ta dubi tuwo, ta dubi sama fes, ta dube ni. Sai ta fashe da dariya har ta zauna dirshan, tana nuna ni tana cewa, "Ɗan nan! Ɗan nan!" Rabi ta toshe baki da mayafi. Ni dai na so ƙasa ta tsage in shige. Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta buɗe akushin, ɗan dambun tsaki ne, bai fi loma biyar ba.

"Lami, me kika bari a gida?"

"Ni na ƙoshi."

Duk wanda ke tsakar gidan ya san ba ta bar komai ba.

Da safe ina dawowa daga masallaci na tarar da Inna tsaye a kan murhu da taɓarya, ba muciya ba wannan karon. Na sha gabanta.

"Matsa. Ka sa na karɓi abincin mayunwata da cikina a cike. Ka sa gari ya cire daga bakin 'ya'yansa ya kawo mini. Da wannan abin kunya gara tari."

"Inna, damina biyu aka ce."

"Ko ɗaya ce. Matsa!"

Ban matsa ba. Ban taɓa ƙin bin maganarta ba sai ranar. Kuma na faɗi abin da ɗan fari ba ya faɗa wa uwarsa a garin nan, hawaye na zubo mini cikin gemu.

"Inna, aiki ya tafi, ban yi kuka ba. Ke kaɗai kika rage mini. Tsoro nake ji in rasa ki."

Ta tsaya da taɓarya a sama. Ta kawar da kai ta dubi katanga. Sannan ta sauke a hankali ta jingine.

"Ji sakarci, ƙato da kai."

Ta shiga ɗaki. Na zaci shi ke nan, ashe shari'a ta tafi yankewa. Da ta fito tana riƙe da wani tsohon kasko mai fasasshen baki, ta dangwarar a gabana.

"Abinka ya zauna. Amma kullum la'asar ka ɗauki wannan ka tafi bayan gida, inda iska ba za ta kawo mini ba, ka yi wa mutane hayaƙi su gani. Kuma ban yarda da hayaƙin ƙarya ba. Ran da muka ɗora, ka yi. Ran da ba mu ɗora ba, ka bari."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni da na ɓata wata biyu da faranti goma sha biyu ina korar hayaƙi, ni aka naɗa mai yin sa. Kuma tunda hali zanen dutse ne, sai da na yi masa lissafi. Garwashi cikin ludayi ɗaya da ɗanyen ganyen darbejiya dunƙule biyu, shi ya fi tashi sama ya daɗe. Kwanukan mutane kuwa ba a mayar da su haka nan, mako guda Rabi da Inna suka yi suna cika su suna mayarwa, kowane da daddawa a kan murfi. Gwaggo Lami daga ranar a gidanmu take cin tuwon yamma, wai tana zuwa ne ta taya Inna hira. Da mata suka fara roƙo in gina musu irin murhun, Inna ta ce ba za a gina wa kowa ba sai ta tanadi kaskonta tukuna. Sunan Sarkin Hayaƙi da kuke jin tsofaffi na kira na da shi, daga nan ya samo asali, ba sarauta ba ce, ku daina faɗa wa abokanku.

Tarin bai tafi duka ba, amma ya sake ta. Damina biyun da aka ce ta wuce, ta ƙara tara a kai, tana dafa kalwa tana yi mini faɗa. Ranar da ta cika, bayan ta idar da Azahar ne a kan tabarmarta, ko tari ɗaya ba ta yi ba. Muka kai ta makwancinta muka dawo. La'asar na yi, ƙafata ta kai ni bayan gida da kanta. Sai ganina na yi tsugune gaban kasko da ganye a hannu. Na tuna ba a ɗora tukunya ba ranar, kuma ta ce ba ta yarda da na ƙarya ba. Na ajiye ganyen, na zauna a wurin na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Kafin Magariba kwanuka suka fara shigowa, daga gidajen nan dai na dā. Mahaifiyarku ta shiga ɗaki ta sauke farantanta goma sha biyu, ta zuba wa masu zaman makoki a ciki. Ranar aka fara cin abinci a cikinsu. Nawa da ta miƙo mini, na ga ɗan dishi-dishin baƙi a gefensa wanda toka ta kasa fitarwa, na gane na bakwai ne.

Don haka in tsohuwa ta sake tare ku ta ce su ne suka ciyar da gidanku, kada wanda ya sunkuyar da kai. Ku ce mata haka ne, sau biyu ma. Ku durƙusa ku gaishe ta da kyau.